A Ware Wa Lafiyar Masu Nutso Da Binciken Ƙarƙashin Ruwa Kasonsu Na Tallafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato kuɗin tallafin bincike da ake rabawa a ƙasar nan, da yadda ba a waiwayar lafiyar masu nutso da sanin abin da ke ƙarƙashin ruwayenmu in an zo rabon. Ni tsohon ma'aikacin ruwa ne, na yi shekara 31 tsakanin madatsai da wuraren tace ruwa kafin in yi ritaya, kuma daga ƙofar gidana zuwa bakin Kogin Kaduna bai fi tafiyar minti goma ba. Kullum da safe ina ganin samari masu ɗebo yashi suna yin kurme da bokiti, su cika kwale-kwale, su turo shi gaɓa inda tifa ke jira.

Duk wanda ke sauraren rediyo ya san yadda labarin kifewar jirgin ruwa yake ƙarewa a wajenmu. Bayan an faɗi yawan waɗanda suka rasu da waɗanda aka ceto, sai a ce masu nutso na yankin suna ci gaba da laluben sauran. Haka aka ce a watan Mayun 2021 lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warra ta Jihar Kebbi. Haka aka ce a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar a madatsar Watari ta Bagwai, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi. Haka kuma aka ce a watan Yunin 2023 a Patigi ta Jihar Kwara, inda fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka halaka a Kogin Neja. Waɗannan masu nutso da ake ambata a wutsiyar labari, masunta ne da Sarkawa da masu yashi, suna shiga ruwa mai duhu da gajeren wando da igiya, su yini suna fito da gawarwakin 'yan'uwanmu, sannan a ba su ɗan abin goro a watse. Ba a tambayar abin da ruwan ya yi wa kunnuwansu da huhunsu, kuma wanda ya mutu a cikinsu bayan an tashi taro ba ya shiga lissafin kowa.

Bari in faɗa muku abin da ya sa ba na iya yin shiru. Wata shekara a ƙarshen damina, a wata madatsa da ba zan ambaci sunanta ba, ciyayi da itatuwa suka toshe ragar ƙarfen da ke bakin bututun jan ruwa. Gari ya kwana biyu babu ruwan famfo, hankalin kowa ya tashi. Aka aika ƙauyen masunta da ke kusa aka kira wani saurayi da aka sani da dogon numfashi, wanda bai wuce shekara 25 ba. A tsaye aka yi ciniki da shi, a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Ya tuɓe riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya shige. An kashe injinan jan ruwa, wannan kam an yi, amma babu wanda ya tuna cewa tun da safe an buɗe wata ƙaramar ƙofa a ƙasa domin zubar da laka, kuma wani kututture ne ya tokare bakinta. Da ya janye kututturen, ruwa ya fizgi ƙafarsa ya manna shi a jikin ramin. Mu huɗu muka ja igiya da iyakar ƙarfinmu, ko motsi bai yi ba. Kafin a ruga a juya ƙofar ta rufu, lokaci ya ƙure. Ina cikin waɗanda suka kai gawarsa ga mahaifinsa, kuma har yau ina jin nauyin igiyar nan a tafin hannuna.

A ƙauyen an ce mutanen ruwa ne suka riƙe shi. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da wannan, amma ajali yana da sababi, kuma sababin nan sai bayan shekaru na fahimce shi da lissafi. Idan akwai rami mai faɗin rabin mita a zurfin mita 5, kuma bayan ramin fili ne da ruwa ke zuba, to ƙarfin da zai danne duk abin da ya toshe shi ya kusa tan ɗaya, kwatankwacin buhun siminti 20. Babu ƙato huɗu da za su iya ɓamɓare mutum daga wannan. Masu aikin nutso a wasu ƙasashe sun san wannan haɗari tun tuni, saboda an tara bayanan waɗanda ya kashe an yi nazari a kansu, aka fitar da ƙa'ida mai sauƙi: kafin mutum ya shiga ruwa a kusa da madatsa, a rufe kowace ƙofa da kowane bututu, a sa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a aljihun mai kula da shi har ya fito. Kwaɗo ɗaya da takarda ɗaya da sun isa. Abin da muka rasa ranar nan shi ne sani, kuma sani irin wannan sai an kashe kuɗi ake samo shi, sai an kashe kuɗi kuma yake isa ga mai buƙatarsa.

Malam Edita, ku ba ni dama in ɗan yi bayanin abin da ruwa ke yi wa jikin mutum, domin a nan ne amfanin bincike yake fitowa fili. Iskar da ke kanmu tana da nauyi, amma mun saba da shi ba ma ji. Da zarar mutum ya nutsa mita 10, matsin da ke kansa ya ninka biyu, a mita 20 ya zama ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Wannan matsi ne yake fasa dodon kunnen mai kurme, shi ya sa za ku tarar da yawan tsofaffin masunta ba sa ji sosai. Wanda kuma yake shaƙar iska daga tukunya ko ta tiyo a can ƙasa, haɗarinsa ya fi haka. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wanda jiki ba ya amfani da shi. A ƙarƙashin matsi sai ya riƙa narkewa cikin jini da tsoka da kitse, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa gwargwadon yawan da zai taru. Idan mutum ya taso a hankali yana tsayawa a hanya, huhu zai fitar da shi. Idan ya taso da gaggawa, sai ya yi kumfa a cikin jiki kamar yadda lemon kwalba ke yi in an ɓalle murfinsa, kumfar ta toshe jijiyoyi, ta sa ciwon gaɓɓai mai tsanani, ko shanyewar ƙafafu, ko mutuwa. Haka nan wanda ya cika huhunsa a zurfi ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar za ta kumbura ta yaga huhun, kuma wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai kai mita 2 ba.

Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, shi ya bayyana a 1878 cewa kumfar naitirojin ce ke jawo wannan ciwo. Bayansa rundunar sojan ruwan Ingila, da ta gaji da asarar mutanenta, ta ɗora wa wani likita mai suna John Scott Haldane aikin nemo mafita. Shi da abokan aikinsa suka yi ta gwaji da awaki a cikin wani ɗakin ƙarfe da ake cusa wa iska, ɗakin da wani attajiri mai masana'antar sinadarai, Ludwig Mond, ya bayar kyauta. A 1908 suka fitar da jadawalin da ke nuna wa mai nutso zurfin da zai tsaya da mintin da zai yi a kowane zango yayin tasowa. Duk jadawalin da ake amfani da shi yau, har da wanda ke cikin ƙaramar kwamfutar da masu nutso ke ɗaurawa a hannu, a kan wannan harsashi aka gina shi. Ina so mai karatu ya lura cewa hukuma ce ta ɗauki nauyi, attajiri ya ba da kayan aiki, masani ya ba da lokacinsa, kuma sama da shekara 100 ke nan ana cin moriyar.

Mu ma a Najeriya mun ci moriyar, kuma duniya ta gani. Ranar 26 ga Mayun 2013 wani jirgin jan kaya mai suna Jascon 4 ya kife a teku daura da gaɓar Jihar Delta, ya sauka zurfin kimanin mita 30 da ma'aikata 12 a ciki. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a ciki cikin duhu da sanyi na kusan awa 60, har masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da aka turo neman gawarwaki suka ji hannu ya kama nasu. Shi kaɗai ya tsira. Abin da mutane da yawa ba su kula da shi ba a wannan labari shi ne, da a ce an fito da shi kai tsaye zuwa saman ruwa, da ceton ne zai kashe shi, domin jikinsa ya cika da naitirojin iya cika. Sai aka sa shi cikin wata ƙwaryar ƙarfe mai riƙe matsi aka ɗaga shi, aka wuce da shi ɗakin matsin iska inda ya ƙara kwana biyu da wani abu ana sassauta masa a hankali. Daga baya shi da kansa ya koyi aikin nutso. Ya rayu da ikon Allah, ta hanyar ilimin da wasu suka biya kuɗin nemo shi, da kuma kayan aikin da harkar man fetur ta ajiye a kusa.

To, a nan ne matsalarmu take. Kayan aikin nutso da ƙwararrunsa a ƙasar nan suna bin man fetur ne, suna bakin teku da kan jiragen kamfanoni. Cibiyar horar da ma'aikatan man fetur ta Effurun a Jihar Delta tana koyar da nutso, sojan ruwa suna horar da nasu a Legas, kuma a 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ta fitar da ƙa'idojin aikin nutso. Duk wannan abin yabo ne. Amma manyan ruwayen da talaka ke hawa kullum suna nan Arewa. A kan Kogin Kaduna kaɗai akwai madatsar Shiroro da aka buɗe a 1990 mai ba da megawat 600, da ta Zungeru mai megawat 700. A kan Neja akwai Kainji tun 1968 da Jebba. A cikin jiharmu akwai Kangimi da Gurara da Galma, a Kano akwai Tiga da Challawa, ga Bakolori da Goronyo a yamma. Kowace ɗaya tana da ƙofofi da raga da bututu a ƙarƙashin ruwa da ke buƙatar dubawa, kuma kowace ɗaya akwai ƙauyuka a gefenta da ba su da hanyar kasuwa sai kwale-kwale.

Wani zai ce ai an riga an yi binciken a waje, sai mu ɗauko mu yi aiki da shi. Da yawansa haka ne, kuma fassara shi zuwa Hausa da Nufanci da koyar da shi ma aiki ne da ya cancanci tallafi. Amma akwai tambayoyin da suka shafe mu da wani ba zai amsa mana su ba. Jadawalin nutso an tsara shi ne a kan wanda zai fito a daidai bakin teku, kuma da zarar wuri ya haura mita 300 a tudu sai an yi masa gyara, domin iskar saman ruwa ta fi sauƙi, kumfa ta fi saurin tasowa. Kaduna tana kan tudun kimanin mita 600, Jos kuwa wajen mita 1,200. Wanda aka horar a Legas aka kawo shi Kangimi ba tare da an koya masa wannan gyara ba, an sa shi a haɗari. Sannan ga maganar sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma likitocin nutso suna hana mai cutar shiga wannan aiki, saboda ƙarancin oksijin da sanyi suna tayar da ita. Wace ƙasa ce ta fi mu haƙƙin bincika yadda kurme ke shafar masu ɗauke da ƙwayar? Ga tsargiya da ke shiga ta fata a ruwan madatsai, ga ruwan damina ja wur wanda mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki, sai lalube. Ga wata ɗabi'a da nake gani a wajen samarin yashi, ta jan numfashi da sauri sau da yawa kafin kurme don a daɗe a ƙasa. Wannan yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma a hanyar tasowa ba tare da ya ji komai ba. Hausawa kan ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci, kuma ina kyautata zaton wannan ɗabi'a tana cikin dalilan da suka sa maganar ta zama gaskiya.

Akwai kuma sabon abu da ya fara shigowa, wanda ya fi komai ba ni tsoro. Wasu sun gano cewa in an haɗa injin hura iska irin na masu faci da doguwar tiyo, mutum zai iya zama a ƙasan ruwa ya daɗe. Injin nan ba a yi shi don numfashin ɗan Adam ba. Yana haɗa iskar da tururin baƙin mai, kuma in bakinsa yana kusa da salansar janareta sai ya tura wa na ƙasa hayaƙin nan mai guba da ke kashe iyali guda a ɗaki cikin dare, wanda a ƙarƙashin matsi ya fi saurin illa. Sannan mai tiyo shi ne yake daɗewa a zurfi har naitirojin ya taru, ga shi bai taɓa jin labarin jadawali ba. Hana su da baki ba zai yi aiki ba, domin abincinsu ke nan. Abin da zai yi aiki shi ne injiniyoyinmu na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su samu kuɗin ƙera matatar iska mai araha, su gwada ta, su kai musu.

Maganin ciwon kumfa kuwa sananne ne. A ba mutum oksijin tsantsa nan take, sannan a kai shi ɗakin matsin iska, a mayar da shi matsin da ya yi daidai da zurfin mita 18, yana shaƙar oksijin na kusan awa biyar ana sassautawa. Jinkiri yana rage amfanin magani, kuma ɗaukar mara lafiyar a jirgin sama da zai yi nisa sama yana ƙara masa ciwo. Saboda haka ina ganin ya dace a ajiye irin wannan ɗaki a babban asibiti a nan yankin, ko a Asibitin Koyarwa na Shika ko a asibitin sojoji na 44 da ke cikin Kaduna, a horar da likitoci da ma'aikatan jinya a kansa. Kada a ce masu nutso ba su da yawan da za a saya musu wannan. Ɗakin nan shi ake amfani da shi wajen ceton wanda hayaƙin janareta ya shaƙe, da kuma wasu gyambunan masu ciwon suga da suka ƙi warkewa, waɗanda a yanzu sau da yawa ake ƙarewa da yanke ƙafa.

Ɗaya ɓangaren maganata shi ne sanin ƙasan ruwan kansa. Lokacin da aka tare Kainji ruwa ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa da dazuzzuka, aka tashi mutane fiye da 40,000. Kututturan itatuwan nan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma duk direban jirgi a Yawuri ko Warra zai gaya muku cewa suna cikin abubuwan da ke fasa jirage, musamman in ruwa ya ja baya ko an yi tafiyar dare. Akwai na'urar da ke aika sauti ƙasa ta auna amsa-kuwwarsa ta zana hoton ƙasan ruwa, ana iya ɗaura ta a gefen kwale-kwale, kuma ƙananan cikinta ba su kai kuɗin mota ɗaya ta ayarin jami'in gwamnati ba. Da ita za a zana taswirar hanyoyin da jirage ke bi, a kafa alama a inda kututture yake, a tura masu nutso da aka horar su sare na kan hanya. Da ita kuma za a auna yawan lakar da ta cika madatsanmu, domin madatsar da aka gina shekara 50 da suka wuce ba ta ɗaukar ruwan da ke rubuce a takardarta, kuma wanda bai san wannan ba zai yi kuskuren lissafi a ranar da ruwa ya yi yawa. Abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya isa ya sa a duba jikin kowace madatsa daga ƙasa har sama, kuma rabin jikin madatsa a cikin ruwa yake.

Wuraren da za su yi aikin muna da su. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando a cikin Kaduna. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana Sabuwar Bussa a bakin Kainji, ta binciken teku tana Legas, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tana Lokoja. Wuraren da kuɗi zai fito ma sanannu ne. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu yana da reshen tallafin bincike na ƙasa da malaman jami'a ke nema, asusun PTDF yana kashe kuɗi a kan horar da ma'aikatan makamashi, kuma tun watan Agustan 2023 aka kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Kamfanonin da ke sayar da wutar da madatsai ke bayarwa su ma suna da haƙƙi a kan mutanen da ruwan ya tasa. Roƙona shi ne waɗannan su fitar da kira na musamman, da sunansa da kasonsa, na bincike a kan lafiyar masu nutso da ƙasan ruwayen cikin gida, domin in an bar shi ya yi gogayya da sauran fannoni a kwando ɗaya, ba zai taɓa fitowa ba. A waje ma akwai masu bayarwa. Ƙungiyar Divers Alert Network, wadda aka kafa a 1980 a Jami'ar Duke ta Amurka, tana tara bayanan haɗurran nutso tana kuma tallafa wa bincike a kansu, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na kimiyyar teku. Sai dai duk mai ba da kuɗi abin da zai fara tambaya shi ne alƙaluma. Don haka aikin farko, kuma mafi araha, shi ne a buɗe rajista: masu nutso nawa ne a kowane ruwa, wane irin aiki suke yi, wa ya ji rauni, wa ya rasu, kuma ta yaya.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, cewa ana fama da yunwa da rashin tsaro, kuma maganin kifewar jirgi shi ne rigar kariya da hana lodin wuce kima da hana tafiyar dare. Na yarda da su ɗari bisa ɗari cewa waɗannan ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yawancinsu ba nutso suke yi ba, yara ne da matafiya. Amma ko an raba wa kowa riga, wata rana jirgi zai kife, famfo zai toshe, yaro zai faɗa kududdufi, kuma za a kira mutumin nan mai gajeren wando ya shiga. Mun daɗe muna cin amfaninsa kyauta, kuɗin da nake magana a kai kuwa bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da abin da ake kashewa wajen ta'aziyya da kwamitin bincike bayan kowane haɗari, wanda ihu ne bayan hari.

Abin da ya fi damuna, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau, shi ne yadda za a kashe kuɗin in ya samu. Na halarci tarurrukan ƙara wa juna sani da yawa a rayuwar aikina, na ga yadda tallafi ke ƙarewa a ɗakin taron otal da jakunkuna da kuɗin zama, ba tare da kowa ya jiƙa ƙafarsa ba. Idan haka za a yi da wannan, gara a bar shi. Sharaɗin da ya kamata a gindaya shi ne, duk malamin da zai karɓi tallafin sai ya zo da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta na wurin da zai yi aiki a matsayin abokin aiki mai suna a takarda da kaso a kasafi. Da ɗan gari akan ci gari. Mutanen nan sun san inda ruwa ke juyawa, da inda gawa ke tasowa bayan kwana nawa, da lokacin da kada da dorina ke sauya wuri, kuma duk wanda ya taɓa kallon gasar nutso da kamun agwagwa a Matan Fada lokacin bikin Argungu ya san cewa gwanintarsu ta gado ce. Abin da za a ƙara musu shi ne lissafin matsi, da igiya da ƙugiya masu kyau, da gilashin fuska, da koyon farfaɗo da wanda ya sha ruwa ta hanyar danna ƙirji da hura numfashi maimakon juya shi a kife ana matsa ciki, da gwajin jini da na kunne kafin a fara aiki, da inshorar da za ta riƙe iyalinsu in ta Allah ta kasance. A auna nasarar tallafin da yawan masu nutson da aka horar da tsawon hanyar ruwan da aka zana, a kuma buga sakamakon da Hausa a karanta shi a rediyo.

A ƙarshe ina da roƙo biyu na kusa. Na farko ga gwamnatin Jihar Kaduna da hukumarta ta ba da agajin gaggawa da ta kashe gobara: kafin ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da nutsewa a ruwa kuma take faɗowa a tsakiyar daminarmu, a tara masu kurme na Kabala da Malali da Unguwar Rimi da Nasarawa, a rubuta sunayensu, a haɗa su da malaman Mando a yi musu horon mako guda a bakin kogi. Na biyu gare ku ne, Malam Edita: in wani jirgi ya sake kifewa, Allah ya kiyaye, ku sa wakilinku ya tsaya har a tashi, ya nemi waɗanda suka shiga ruwan, ya tambaye su nawa aka ba su da kuma halin da suka kwana a ciki, ku buga mana amsarsu. Ni kuma a shirye nake in raka duk malamin da ya samu tallafin zuwa bakin ruwa, in nuna masa ƙofofin da ya kamata a sa wa kwaɗo.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ruwa,
Kabala, Kaduna.